Haƙoran da Masara Ta Cinye: Shekara Tara Bayan Iro

Kakar bana ta cika shekara tara da rasuwar ƙanena Iro. Ya tafi ne sabuwar masara tana shigowa kasuwa, bayan 'yar gajeriyar jinya, shi ya sa har yau in na ga tireloli sun jeru a bakin hanyar Funtua suna jiran lodi nakan ce, to, lokacinsa ya zagayo. Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, don haka mai neman yabo mai ado ya duba wani shafin. Iro ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai taurin kai, mai maƙo a gida, mai sakin hannu a kasuwa. Abu ɗaya ya bari wanda har yanzu ake ja-in-ja a kansa, shi ne asusun haƙori na ƙungiyar dillalan hatsi ta kasuwarmu. A kansa zan yi magana.

Wanda bai tashi a yankinmu ba zai yi mamakin abin da ya haɗa dillalin hatsi da likitan haƙori. Masara ce ta haɗa su. In ba ta bushe sosai ba aka ɗinke ta a buhu, a sito za ta yi zafi ta yi baƙi, masu kamfanin abincin kaji su dawo da ita, dillali ya rasa sunansa. Kafin zuwan na'ura hanyar gane bushewarta ɗaya ce. Dillali ya cusa hannu a buhu, ya ɗauko ƙwara, ya ɗora a turmin haƙorinsa ya ciza. In ta fashe ƙas, ta bushe. In ta lotsa, da sauranta. Kowane buhu sai an ciza, na sama da na tsakiya, don akwai manoman da kan zuba busasshiya a baki su ɓoye ɗanya a ciki. Daga Bakori, daga Danja, daga Mahuta buhuna ke kwararowa, kuma duk ta bakin mutane ƙalilan suke bi. Ni ina gefe da mata masu sheƙa, na daɗe ina shugabancinsu, idona kuma ba ya barci. Na ga samari sun shigo sana'ar da haƙora farare reras, na kuma ga ƙarshensu: turame sun tsage, dasashi ya kumbura, magidanci yana dariya yana kare baki da hannu kamar amarya.

Maganin da aka sani a lokacin kanumfari ne da garin taba. Wanda ciwo ya gigita yakan ɗiga ruwan batir a kogon. Wani magidanci cikinsu ya yi haka, fuskarsa ta kumbura har ido ya rufe, aka kwashe shi zuwa Zariya. Sai a ranar aka ɗauki faifai ana zaga rumfuna ana neman taimako. Ya rayu, amma da rabin muƙamuƙi mai aiki. Iro ya zo gidana da yamma ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, kullum sai ranar tafiya muke fafe gora." Na ce masa ai ba yau na sani ba, shi ne dai ya gano yau.

Wajen Likita Nkechi ya nufa. 'Yar Mama Nkechi ce mai sayar da manja a bakin kasuwa, haifaffiyar Funtua, a gabanmu ta yi rarrafe tsakanin jarkoki, Hausar bakinta kuwa ta fi ta wasu jikokina. Ta yi karatun haƙori ta dawo ta buɗe ɗan asibitinta. Su biyu suka yi ta zama har suka tsara abin, ni kuma ina jin labari daga bakin Iro, don ba ya iya riƙe magana a ciki.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Kowane ɗan ƙungiya zai riƙa zuba ɗan abu duk wata, lafiya lau yake ko ba lafiya ba. Aikin haƙori kuma ta kasa shi kamar ƙwarya uku. Ƙwarya ta farko dubawa ce da wankewa, wannan asusu ne zai biya gaba ɗaya, domin a cewarta ita ce ke hana a kai ga sauran. Ta biyu cike kogo da cire wanda ya mutu, asusu ya ɗauki mafi yawa, mai baki ya cika ragowar. Ta uku ita ce babban aiki, hular da ake rufa wa haƙorin da ya tsage da kuma haƙoran roba ga wanda ya rasa nasa. Wannan rabi da rabi ne, kuma sai mutum ya shekara a cikin asusun kafin ya taɓa ta, don kada wani ya shigo yau da ruɓaɓɓen baki, a gyara masa gobe, jibi ya fice. Ta kuma sa iyakar abin da za a kashe wa mutum ɗaya a shekara. Iro bai so iyakar nan ba. Ta ce masa in babu ita, bakin mutum uku ya isa ya cinye na kowa kafin damina. Ya amince. Iro ba ya jin lallashi, amma yana jin lissafi.

Sharaɗin da ya fi tada ƙura shi ne kowa sai ya shiga. Samari masu lafiyayyun haƙora suka ce ba su ga dalilin zuba wa tsofaffi ba. Iro bai yi musu wa'azi ba. Ya kira abokinsa Mani, wanda ya fi kowa daɗewa a cizon masara, ya ce ya buɗe baki. Mani ya buɗe. Iro ya ce, "Wannan da irin naku ya fara."

Sai kuma ga wata matsalar da ba a zata ba. Mutanenmu adashi suka sani, inda kowa ke zubawa kuma kowa ke da ranar ɗauka. Da aka shekara sai wasu suka zo neman ɗaukarsu. Aka ce musu wannan ba adashi ba ne, wanda ciwo ya kama shi ke ɗauka, wanda bai kama ba ya gode wa Allah. Wani mai ɗinkin buhu ya tafi asibitin ya zauna a kujera ya ce a cire masa ko ɗaya ne, kada zubinsa ya tafi a banza. Likita ta duba ta ce duk lafiyarsu lau. Ya ce ta zaɓi wanda ya fi kusa da lalacewa. Ta wanke masa su ta sallame shi, ya fito yana cewa an cuce shi. Wani Alhaji kuma ya dawo daga aikin hajji da haƙorin Makka yana walƙiya, ya ce asusu ya maido masa da abin da ya kashe.

"Alhaji, ciwo yake yi maka kafin ka sa?" in ji Iro.

"Wane irin ciwo? Ibada na je yi."

"To ladanka na wajen Allah. Asusunmu na masu kuka ne, ba na masu murmushi ba."

Daga nan aka tsaida cewa ado ba ya cikin tsarin, ko haƙorin Makka ko wushiryar da wasu kan sa a yi musu. An kuma kai maganar gaban liman don masu cewa abin ya yi kama da caca. Ya ce in an zuba ne da niyyar taimakon juna, ba da niyyar cin riba ba, bai ga laifi ba. Aka wuce wurin.

Wuri ɗaya ne Iro ya kafe ya ƙi motsi. Likita ta faɗa masa cewa a tsare-tsaren da ta sani na kamfanonin inshora, ba a biyan haƙorin da mutum ya karya da kansa wajen mai da shi kayan aiki, kamar mai buɗe kwalba da baki. Iro ya ce mai buɗe kwalba ganganci ya yi, su kuwa da haƙorin suke neman abin da za su tauna. Ya sa aka kafa doka cewa duk haƙorin da ya karye a kan ƙwayar hatsi aiki ne ya karya shi, asusu zai gyara, babu jira, babu tambayar ko dama can yana da rauni. Ta gargaɗe shi cewa dokar za ta ci kuɗi. Ya ce don ita aka kafa asusun, sauran duk rakiya ce.

Ba zan ɓoye nasa laifin ba. Mata bai sa mu a ciki ba da farko. Na yi masa magana ya ce mata ba sa cizon masara. Na ce amma suna haihuwa, kuma ya je ya duba bakin macen da ta yi goyo bakwai tana sheƙa a rana. Bai saurare ni ba sai da Likita ta nuna masa cewa yawan masu zubi shi ke ƙarfafa asusu. Sannan ya zo yana cewa ya yi tunani. Ba don ni ya yarda ba, ban kuma gode masa ba.

Yanzu bari in dawo kan Mani, don shi ne dalilin wannan rubutu. Lokacin da Iro ke raye an cire masa matattun haƙora ɗaya bayan ɗaya har baki ya zama fili. Saura haƙoran roba. Asusu a shirye yake da rabinsa, rabin Mani ne bai taɓa haɗuwa ba. Bana aurar da 'ya, baɗi rufin ɗaki, wata shekarar taki. Kullum sai ya ce bayan kaka. Iro ya rasu yana yi masa faɗa a kai. Mutumin da hatsin rabin yankin nan ya bi ta bakinsa ya koma rayuwa a kan koko da kunu da tuwon da aka dama da miya. Ya rame, kumatu suka faɗa, in ana rabon goro sai ya karɓa ya daka a ɗan turmi.

Cikin shekarun nan abubuwa sun sauya. Na'urar gwada danshi ta zo, ɗan abu kamar kofi, a zuba masara a ciki ya nuna lamba. Ba zan kushe ta ba. Ta fi haƙori gaskiya, ba ta kuma kumbura. Samarin yanzu za su tsufa da turamensu, wannan alheri ne. Amma kayan aikin asibiti sun yi tsada, asusun ya fara numfashi sama-sama. Bishir, babban ɗan Iro, wanda yanzu shi ke riƙe da ƙungiyar, ya nemo wani kamfanin inshora. Suna da asibitoci da yawa, mutum na iya zuwa na Malumfashi ko na Zariya da katinsa, asibitin Likita Nkechi ma yana ciki. Da aka karanta mana tsarinsu sai na ji ƙwarya ukun nan ce dai, da jiranta da iyakarta. Bambanci biyu na tsinta. Ba sa maye gurbin haƙorin da mutum ya rasa kafin ya shiga wajensu. Ba sa kuma biyan wanda ya karye wajen cizon abu mai tauri. Ma'ana Mani da sauran tsofaffin masu cizon masara an bar su a bakin ƙofa. Samari suka yi murna don zubin ya fi sauƙi, kuma su ne masu rinjaye.

Na sha tambayar kaina abin da Iro zai ce. Masu son su faranta mini rai suna cewa da yana nan da ya kori kamfanin. Ba su san shi ba. Da ya so na'urar, da ya saye ta kafin kowa ya kuma hana a taɓa masa. Kamfanin ma da ya so shi, don yana son abu mai tsari. Abin da na tabbata shi ne da bai karɓi farashin farko ba. Dillali ne. Bai taɓa yarda cewa akwai maganar da ba a tayawa ba.

Ana cikin wannan aka yi wa Bishir haihuwa, namiji, ya mai da sunan mahaifinsa. Ranar suna aka soya rago. Na zuba nama a kwano, na zaɓi mai ƙashi da mai jijiya, na aika a kira mini Bishir daga zaure.

"Ga ni, Gwaggo."

"Kai wa Baba Mani. Da hannunka, ba aike ba. Ka tsaya har ya ci."

Ya dube ni, ya ɗauka ya fita. Ina leƙe ta labule. Mani ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a ga jariri, ya shinshina naman ya ce an iya suya. Sai ya zaro leda daga aljihu ya juye. Ya ce, "Na jikoki ne, ɗana. Ni sai dai in tsotsa, kuma ba a tsotso a gaban mutane." Aka yi dariya, shi ma ya yi, hannu a baki.

Bishir ya dawo da kwanon ya ajiye a gabana. Ya ce, "Gwaggo, kin san kamfani ba ya jin irin wannan."

Na ce, "Ban aiki kamfani ba. Kai na aika."

Bayan suna ya koma teburin ciniki da kamfanin. Abin ya ɗauki lokaci, kuma bai samu duka ba. Kamfanin ya yarda zai maye gurbin haƙoran da aka rasa tun da, da sharaɗin a jira shekara, kowa da kowa ya shiga har 'yan dako da mata masu sheƙa, a kuma ɗan ƙara zubin a kan kowa. Samari suka yi gunaguni irin wanda iyayensu suka yi, da kusan kalmomi iri ɗaya. A kan dokar cizo kuwa kamfanin ya ƙi sam. Sai Bishir ya ware ɗan abin da ya rage a tsohon asusun ya ce a bar shi a hannun ƙungiya, don haƙorin da ya karye a kan hatsi. Aka sa masa suna kason Iro. Mutane suka yi ta dariya, wa ke cizon masara yanzu ga na'ura? Shi kansa Bishir ya faɗa mini ya bar shi ne don sunan mahaifinsa, da kuma gudun bakina.

Shekarar jira ta yi wa Mani tsawo. Da sanyi ya kwanta rashin lafiya har na cire rai, na ce wannan ma zai tafi kamar yadda ya zauna. Ya tashi. Rabin nasa da bai taɓa haɗuwa ba, matan sheƙa ne suka haɗa shi, ba su yi shawara da kowa ba, ni ma sai daga baya na ji. Ana gab da kakar bana Likita Nkechi ta sa masa haƙoran. Ta ja masa kunne a gabana: ba ƙashi, ba rake, ba aya, ba masara. Ya ce ya ji. A ranar ya shigo kasuwa baki a buɗe, 'yan dako suna ihu wai ango ya iso, wani ya ce a ɓoye 'yan mata. Aka sayo masa tsire. Na zauna na ga ya cinye tsinke guda a hankali, ido rufe, bai yi wa kowa tayi ba. Ban ga laifinsa ba.

Ba a yi wata ba sabuwar masara ta fara sauka. Wata ranar kasuwa wani manomi daga Mahuta ya sauke buhunansa kusa da bencin da Mani ke zama. Na'urar tana can ɗaya gefen, layi ya yi tsawo. Mani yana ba ni labarin wata jikarsa, idonsa a kaina, ko kallon buhun bai yi ba. Hannunsa ne kawai ya tafi, ya shiga, ya fito, ya nufi baki. Na gani. Na buɗe baki in yi magana, sai na ji ƙas, amma ƙarar ta fi ta masara. Ya tsaya cak. Ya sa yatsa ya zaro haƙoran na ƙasa, sun rabe biyu. Ya dube su a tafin hannunsa, ya dubi manomin, ya ce da shi, "Ta bushe. Kada ka yarda su rage maka."

Kamfanin ya ce abin da kowa ya san zai ce. Ba a sake wa mutum haƙoran roba sai bayan wasu shekaru, kuma cizon abu mai tauri ba ya cikin yarjejeniya. Ban zarge su ba, sun faɗa tun farko. Kason Iro ne ya biya gyaran, kuma shi ne karo na farko da aka taɓa shi. Waɗanda suka yi dariya da aka ware shi sun sake yin dariya, amma wannan karon ba wanda ya ce a rushe shi. An ma gano ba Mani kaɗai ba ne hannunsa ke tafiya da kansa. Rabin tsofaffin nan suna ciza a ɓoye bayan na'ura ta gama faɗin nata.

In na auna abin da ya saura na Iro, ba shi da yawa. An raba gidansa. Rumfarsa tana hannun wani. Sana'ar da ya yi taƙama da ita ɗan kofi mai batir ya karɓe ta, asusun da ya kafa ya koma hannun baƙi, kuma ta wasu fuskokin sun fi shi iya riƙo. Abin da ba su da shi, shi ne sanin mutanen da aka yi tsarin dominsu. Su sun tsara wa haƙori. Shi ya tsara wa mai haƙorin, da halinsa da sabonsa, ya san hali zanen dutse ne, kuma ya bar wa halin wuri maimakon ya yi kamar babu shi. Doka ɗaya ce cikin dokoki da yawa, ita kaɗai ta rayu da sunansa. Allah Ya sa ta zame masa haske a inda yake, Ya yafe masa taurin kansa, Ya yafe mana namu.

Mani yanzu in ya ga an fara sauke masara yakan cire haƙoran ya naɗe a hankici ya sa a aljihu, sai an tashi kasuwa ya mayar. Ni kuma nakan ja kujerata tsakaninsa da buhuna, don ban yarda da hankicin ba. Shi kuwa ƙaramin Iro na gidan Bishir, turamensa sun fara fitowa. Uwarsa ta zo tana ƙorafi wai duk abin da ya samu sai ya kai baki ya ciza, har gefen tabarma. Na ce ta yi haƙuri, gado ne. Ta dai nisanta shi da buhu.

Hajiya Abu, daga Funtua